INDA SANIYAR GABA TA SHA RUWA: DARASI DAGA ABARE

 

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu yi magana a kan shugabanci. Abin da ya jawo maganar kuwa, wata gardama ce da ta tashi a gabanmu cikin rani na 2025, a taron wata ƙungiyar gama kai ta ikkilisiya da muke zagayawa. Ba za mu faɗi sunan garin ba, gama abin da ya same su yana iya samun kowa. Ƙungiyar nan tana da injin niƙa wanda suka saya da adashen shekara uku. Da shi ake niƙa dawa da masarar gari duka, da kuɗin da yake kawowa kuma suke sayen taki su raba wa juna bashi. Sai waɗansu samari masu haƙar zinariya suka zo suka ce a riƙa niƙa musu dutse da dare bayan mata sun watse, za su biya ninkin abin da ake biya a kan hatsi har sau da yawa. Ma'aji ya yi lissafi, ya ce kuɗin wata biyu zai isa a gyara rufin majami'a. Mutane da yawa suka ce wannan ai buɗi ne daga Allah. Sakatare ya ce shi dai hankalinsa bai kwanta ba. Aka yi ta ja-in-ja har rana ta yi tsaka, shugaba kuwa yana zaune bai ce uffan ba. Daga bisani suka juyo gare mu suka ce, "Malamin gona, kai me ka gani?"

Muka ce ba mu ne za mu yanke musu shari'a ba, amma za mu ba su labarin Abare. Labarin da muka ba su ke nan za mu ba ku, sa'an nan mu gaya muku yadda gardamar ta ƙare.

ABIN DA YA FARU A ABARE DA MAƘWABTANTA

Abare ƙauye ne a ƙasar Anka, a yammacin Jihar Zamfara. Mutanensa manoma ne kamarmu, masu gero da dawa da 'yan dabbobi, yawancinsu Musulmi. An daɗe da sanin akwai zinariya a duwatsun ƙasar Anka da ta Bukkuyum. Amma sa'ad da farashinta ya hau a kasuwar duniya, har oza ɗaya ta wuce dalar Amurka 1,000 a shekarar 2008, sai mutane suka ga abin da rami ke bayarwa ya fi abin da gona ke bayarwa, suka shiga haƙa da gaske.

Ga yadda aikin yake. A haƙo dutsen, a farfasa shi da guduma, a niƙa shi ya zama gari, a wanke garin da ruwa, a sa masa zaiba ta kama zinariyar, sa'an nan a ƙona zaibar zinariya ta fito. Saboda gudun ɓarayi, da kuma domin matan gida su ma su sami rabonsu, sai aka riƙa kawo dutsen cikin gari, har cikin gidaje. Ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a irin injin da muke niƙa hatsi, ana shanya shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Abin da ba wanda ya sani shi ne, dutsen nan cike yake da dalma, wani ma dalmar da ke cikinsa ta wuce kashi 10 cikin 100. Dalma kuwa guba ce wadda ba ta da wari, ba ta da ɗaci, ba a ganinta a cikin ƙura.

Agwagi ne suka fara mutuwa. Mutane sun lura sun ragu a bakin kududdufai, amma ba wanda ya kawo kome a ransa. Daga nan sai abin ya koma kan yara ƙanana. Yaro ya kama amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, kafin kwana kaɗan a kai shi makwanci. Waɗansu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, waɗansu suka ce sanƙarau. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta duniya da ake kira MSF, waɗanda suka fita neman labarin sanƙarau, suka tarar yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓi kuwa ba ya yi musu kome. Da aka aika da jini ƙasar waje aka auna, sai aka ga dalma ce.

A watan Mayu na shekarar, ma'aikatan Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka tare da na gwamnatinmu suka bi gida gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu cikin shekara guda, watau yaro ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin yara 204 da aka auna jininsu, ba ko ɗaya da ya kuɓuta, 198 kuwa dalmar jikinsu ta kai ko ta wuce awo 45, inda likitoci ke cewa lalle sai an ba da maganin cire guba. Gida biyu cikin kowane uku ana aikin dutse a cikinsa. Duka duka, an ƙiyasta yara fiye da 400 suka mutu a yankin. Cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda suka makance, da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada.

Me ya sa yara? Domin su ke wasa a ƙasa, su ke kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yakan zuƙi dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa. Dalma kuma takan kwanta cikin ƙashi shekara da shekaru, in mace ta yi ciki sai ta taso ta shiga jini ta kai ga ɗan da ke ciki.

Mu a lokacin muna kwalejin horon malamai, a rediyo muka ji labarin. Mun yi juyayi, mun yi addu'a a sujadar safe, amma a zuciyarmu mun ɗauka abin na waɗansu mutane ne can nesa. Sai da muka shiga aikin gona muna yawo ƙauye ƙauye muka gane tsakar gidan Abare ba ta da bambanci da ta gidajenmu.

MAGANI YA JIRA SHARA

A nan ne labarin ya zama darasi ga masu shugabanci. Akwai maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, MSF kuwa ta buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Amma likitoci suka ce ba amfani a ba yaro magani a mai da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba, gama abin da magani ya fitar da safe, ƙura za ta mayar da maraice. Saboda haka aka tsai da ƙa'ida, sai an tsabtace ƙauye tukuna a buɗe jinyar yaransa a cikinsa.

Tsabtacewar kuwa ba ta tsintsiya ba ce. Wani kamfanin injiniyoyi mai suna TerraGraphics daga Jihar Idaho ta Amurka, waɗanda suka ƙware wajen tsabtace garuruwan masu haƙar dalma a ƙasarsu, suka zo tare da ƙungiyar Blacksmith da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Zamfara. Suna da wata 'yar na'ura da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke wurin. Inda ta nuna guba ta yi yawa, sai a kankare saman ƙasar wajen inci biyu, a ɗura a buhu, a kai wani babban rami da aka haƙa bayan gari a binne, sa'an nan a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa a daɓe. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010. Daga ƙarshen 2010 zuwa watan Maris na 2011 aka yi Abare, da Sunke, da Duza, da Tungar Daji, da Tungar Guru, da taimakon Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Bagega, wadda ta fi su duka girma, ta yi ta jira har 2013, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta kuka a kai.

A ƙauyukan nan takwas an tsabtace gidaje 820, an kwashe ƙasa fiye da kubik mita 27,000. In a ce tifa ɗaya tana ɗaukar kubik mita 10, to, lodi 2,700 ke nan. Yawancin aikin nan kuwa da hannu aka yi shi, da fartanya da shebur da baro, mutanen ƙauyukan da kansu ne suka yi. Sakamakon ya fito fili. Matsakaicin awon dalma a jinin yara ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu, mace-macen kuma suka ragu ƙwarai.

To, 'yan'uwa, ku tsaya ku yi tunani a kan wannan lamba, 820. Kowane ɗaya daga cikinsu gida ne mai maigida. Kafin fartanya ta taɓa ƙasa, sai maigida ya yarda cewa gubar tana cikin gidansa, wanda daidai yake da ya yarda cewa sana'ar da ya kawo da hannunsa ita ce ta ci 'ya'yansa. Sai ya buɗe wa baƙi zaurensa, har ɗakunan matansa. Sai an fitar da kayan ɗaki duka an zube a waje kowa yana gani. Sai kuma ya haƙura da niƙan dutse a gida, ya kai shi can daji inda masarauta da dagatai suka ba da umarni a mayar da aikin, inda tsaro ya fi wuya, wahala ta fi yawa. Da farko akwai waɗanda suka ɓoye, suna tsoro kada hukuma ta hana su sana'ar da ke ciyar da su. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye ya san yadda irin wannan tsoro ke warwarewa. Ba shela ce ke warware shi ba. Kowa yakan zuba ido ya ga me mai gari zai yi, me liman zai yi, me attajirin unguwa zai yi da nasa gidan. In manya suka buɗe ƙofa, na baya sukan buɗe. In manya suka ce a fara da gidan talaka, aikin ya tsaya ke nan. Hausawa sun riga sun faɗa, inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha.

Akwai kuma wani gefe na labarin wanda bai kamata mu ɓoye ba. Bayan an gama tsabtacewa, a waɗansu gidaje an sāke shigo da dutse, guba ta komo, yaran da suka fara samun sauƙi suka koma baya. Aikin wata da watanni, buhu ɗaya yana iya ɓata shi. Ashe misali ba abin da za a nuna rana ɗaya a tafi ba ne, sai an yi ta riƙe shi shekara bayan shekara.

Kada kowa ya ce ina ruwanmu da koyi daga mutanen da ba addininmu ɗaya ba. Sa'ad da Ubangijinmu ya so ya nuna wa masanin Attaura ko wane ne maƙwabci, ai Basamariye ya ɗauko ya kafa masa misali. Magidantan da suka buɗe ƙofofinsu a Abare maƙwabtanmu ne, sun kuwa riga mu yin abin da muke wa'azinsa.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA

Ku buɗe Littafin Nehemiya sura 5 ku karanta a taronku na gaba. Ana cikin ginin garun Urushalima sai talakawa suka kawo kuka, yunwa da haraji sun sa sun jinginar da gonakinsu, har waɗansu sun ba da 'ya'yansu bauta ga 'yan'uwansu Yahudawa masu hali. Nehemiya ya tara manya ya tsawata musu. Amma ku lura da aya ta 10. A nan ya bayyana a gaban taro cewa shi kansa, da 'yan'uwansa, da barorinsa, suna cikin masu ba da rancen kuɗi da hatsi, ya kuwa sa kansa cikin waɗanda za su daina karɓar ruwa. Bai tsaya a gefe kamar mai tsabta yana nuna masu dauɗa ba. Shi ya sa manyan suka rasa ta cewa, suka yi alkawari za su mayar da gonakin. Ƙarshen surar kuma ya nuna mana shekara 12 ya yi yana mulki bai karɓi abincin da doka ta ba mai mulki ba, shi da barorinsa kuma suna kan garu suna aiki tare da kowa.

Ubangiji Yesu ya yi abin da ya fi wannan. A Yohanna sura 13, sai da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa ɗaya ɗaya tukuna ya umarce su su yi wa juna haka. Aiki ya zo gaba, umarni ya biyo baya. A Matiyu sura 23 kuma, laifin da ya kama malaman Attaura da shi shi ne ɗora wa mutane kaya masu nauyi alhali su ba su taɓa kayan ba. Manzo Bitrus, wanda aka wanke wa ƙafa a daren nan, da ya tsufa ya gargaɗi dattawan ikkilisiya a wasiƙarsa ta fari sura 5, kada su nuna wa garke iko, sai dai su zama abin koyi.

Aikinmu na malaman gona a ikkilisiya ma a kan wannan tushe aka kafa shi. Shirin nan da ake kira Faith and Farm, watau Bangaskiya da Gona, wanda Peter Batchelor na mishan ɗin SUM ya fara a ƙasar Filato wajen ƙarshen shekarun 1950, bai dogara ga yawan magana ba. Manomi mai bi yakan gyara tasa gonar, maƙwabta su gani da idonsu, su zo su yi tambaya da kansu. Gani ya kori ji.

MU MA AN KAMA MU

Ba za mu rubuta wannan kamar mu ne muka cika ba. Shekara kaɗan da suka wuce muka tsaya a gaban Zumuntar Mata ta wata ikkilisiya, muka yi awa guda muna koyarwa a kan maganin feshi. Muka ce kada a ajiye shi a ɗakin kwana, kada a zuba ruwan sha ko man gyaɗa a jarkar da ya ƙare a ciki, ko an wanke ta sau goma. Da muka gama sai wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ɗana, maganarka ta yi kyau. Amma shekaranjiya na shiga gidanka gaisuwa, shuɗiyar jarkar nan da yaranka ke ɗebo ruwa da ita, ta mene ce da?"

Kunya ta rufe mu, gama jarkar maganin ciyawa ce. Mun wanke ta da toka da sabulu, muka ce wa kanmu mu masu ilimi ne, mun san yadda ake wankewa. Muka ce, "Mama, gaskiyarki." Da maraicen nan muka huda jarkar da wuƙa a ƙofar gida, muka binne ta. Abin da ya biyo baya shi ya ba mu mamaki. Koyarwar awa guda ba ta fitar da jarka ko ɗaya daga gidan kowa ba, amma cikin mako biyu bayan an ga tamu a huje, mata suka tara jarkoki a bayan majami'a suka ce mu nuna musu inda za a binne. Tun ran nan muka san cewa jama'a suna sauraronmu da kunne ɗaya ne, idanunsu biyu kuwa suna kan gidanmu.

YADDA GARDAMAR INJIN TA ƘARE

Mu koma ga ƙungiyar nan mai injin niƙa. Da muka gama ba su labarin Abare, wuri ya yi tsit. Sai shugaba, dattijo ne mai furfura, ya miƙe ya ce, "'Yan'uwa, kun ga na yi shiru tun da safe. Dalilin shi ne, cikin samarin nan akwai ɗana. Buhunan dutsen da ake magana, bakwai suna bayan rumbuna yau kwana goma, jikokina kuwa a nan suke wasa. Kuɗin da ya kawo mini na karɓa, na ci, na ma sa baiko daga ciki. Ba ni da bakin hana kowa sai na fitar da su." Washegari da sassafe ya ɗaura amalanke, shi da ɗansa suka kwashe buhunan suka kai bayan gari mutane suna kallo. Ya kankare wurin da fartanya, ya kai jikokinsa asibiti a duba su. Da aka sāke taro aka ƙuri'a, ƙungiya ta tsai da cewa injinta ba zai taɓa dutse ba.

Kada ku zaci kome ya tafi sumul. Rufin majami'a ya ƙara damina guda yana yoyo. Mutum biyu suka yi fushi suka janye kuɗinsu daga ƙungiya. Ɗan shugaban ya yi wata uku ba ya zuwa sujada. Samarin kuma suka kai dutsensu wani gari inda aka karɓa, wanda ya nuna mana aikinmu bai ƙare a bakin iyakar ikkilisiyarmu ba. Yanzu shugaban da sakatare sun je sun gai da mai garin can da limaminsa, sun ba su labarin, ana kuma shawarar a keɓe wuri ɗaya nesa da garuruwan biyu inda samari za su yi aikinsu da injin dabam. Amma tun daga ran da aka ga dattijon nan a kan amalanke, gida huɗu suka fitar da nasu buhunan ba wanda ya aika musu.

ABIN DA YA KAMATA SHUGABANNI SU FARA YI

Maganar nan ba ta tsufa ba. A 2015 irin wannan masifa ta auku a Shikira, cikin Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. MSF ta miƙa aikin jinyar dalma ga hukumomin Jihar Zamfara a watan Fabrairu na 2022. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda 'yan bindiga, ta kuma ɗage hanin a watan Disamba na 2024. A watan Maris na 2025 oza ɗaya ta zinariya ta wuce dala 3,000. Ga kuma gonaki da yawa da rashin tsaro ya hana a noma. Saboda haka samarinmu za su ci gaba da zuwa rami, cewa kawai "ku bari" ba za ta ciyar da su ba. Abin da za mu iya shi ne mu raba guba da gida. Ga abubuwan da muke roƙon kowace ƙungiya ta ɗauka:

1. Injin niƙan hatsi, da turmi, da taɓarya, da rariya, da ƙwarya, kada ɗayansu ya taɓa dutse. Buhun da aka ɗauki dutse a ciki kada a sāke zuba masa hatsi.

2. Dutse kada ya shigo gari ko na kwana ɗaya. A yi aikinsa nesa da gidaje, da rijiya, da kududdufin da dabbobi ke sha.

3. A jiƙa dutse sa'ad da ake fasa shi da niƙa shi. Gwajin da aka yi da masu haƙa a Shikira ya nuna feshin ruwa ya rage ƙurar dalma da ke tashi da kashi 95 cikin 100.

4. Mai aikin dutse ya yi wanka ya canja tufafi da takalma a can wurin aiki. Kada ya ɗauki yaro da rigar aiki, kada a wanke ta tare da kayan gida.

5. Yara da mata masu ciki da masu goyo kada su je wurin aikin, ko da kai abinci ne ko talla. Kada kuma a ƙona zaiba a ɗaki ko a madafa, hayaƙinta ma guba ne.

6. A yayyafa ruwa kafin a yi shara. A wanke wa yara hannu kafin su ci, su ci a kan tabarma. A ba su wake, da zogale, da nono, da ƙwai, gama yaron da jininsa ya yi ƙaranci ya fi saurin zuƙar dalma.

7. A kula da kwallin da ake sa wa jarirai. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri, da aka bincika sai aka ga daga kwallin da aka kai masa daga Nijeriya ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

8. In agwagi ko kaji suka fara mutuwa ba dalili, ko yaro ya kama jijjiga, a gaggauta zuwa asibiti, a kuma gaya wa likita gaskiya in ana aikin dutse a gidan. Ɓoyewa ba ta ceci kowa ba.

Amma ga roƙonmu mafi girma. Kada a karanta wa jama'a waɗannan dokoki tukuna. Shugaba, da sakatare, da ma'aji, da fasto, da shugabar Zumuntar Mata, da malamin gona in yana nan, su fara zagaya gidajen juna, su duba bayan rumbu, da ƙarƙashin gado, da jarkokin ruwa. Abin da aka samu a fitar da shi da rana tsaka. Bayan wannan sai a kira taro.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU

Wace doka ce ƙungiyarmu ta kafa wadda shugabanni ba su kiyaye ta? Wa ya fi daɗewa da bashin taki, talakawanmu ko manyanmu? Ran gayya a gonar ikkilisiya, wa ke riƙe da fartanya, wa ke zaune a inuwa da littafin suna? In wani ya kawo baiko mai yawa daga sana'ar da ke cutar yara, me za mu ce masa, wa kuma zai faɗa?

Ku tattauna, ku aiko mana da abin da kuka tsai da, za mu buga a fitowa ta gaba domin waɗansu su ƙaru. Ku kuma riƙa tunawa cikin addu'a da mutanen Anka, da Bukkuyum, da Gummi, Musulmi da Kirista, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, da iyayen da har yau suke jinyar yaran da dalma ta naƙasa. Allah ya ba su sauƙi, mu kuma ya ba mu ƙarfin hali mu fara daga ƙofar gidanmu. Amin.